Shekarar da Muka Bar Mushe a Gulbi

Bazarar bana ta zo da irin zafin da ke sa tsohuwa faɗa da kowa, ni kuwa dama ba a rasa ni wurin faɗa. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar ɗaki ina fifita, sai ga Jimma, matar jikana, ta ɗaure ƙafar mushen akuya da igiya tana ja, ta nufi hanyar gulbi. Na tambaye ta ina za ta da shi. Ta ce a kan yashi za ta yar, ga hadari nan yana haɗuwa a gabas, ruwa zai tafi da shi. Ban san lokacin da na miƙe ba, ni da sai an kama ni nake tashi. Na sa ta ɗauko fartanya ta haƙa rami a bayan gida, ina tsaye a kanta har ta rufe. Tana ta gunaguni, wai Inna ta tsufa har da matacciyar akuya take rigima. Ban ga laifinta ba, ko uwarta ba a haifa ba a shekarar da nake tunawa.

A lokacin ina da ƙuruciyata, an yaye 'yata ta fari ke nan, muna zaune a unguwar majema kusa da Ƙofar Dundaye. Maigidana majemi ne, ɗan majemi. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba yana raye, amma yanzu da tsufa ya cire mini kunya, Arzika ne. Muna gida ɗaya da uwarsa da ƙanensa Nomau, abokin wasana, wanda bakinsa ba ya hutawa sai in barci ya ɗauke shi.

Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero yana cikin fidda kai. Abin da aka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Da asuba mu mata mu ɗauki tuluna mu gangara gulbi. Gulbin Rima kuwa a shekarar suna kawai ya rage masa: yashi ne fari fat mai ƙona tafin ƙafa, da 'yan kududdufai nan da can, kore shar. Sai ki tona yashi har hannunki ya nutse, ki zauna kina jira ruwa ya tsattsafo, kina kwalfa da ƙoƙo. Daga nan mu wuce daji neman hanza, mai ɗacin nan da sai an jiƙa an zubar, an sake jiƙawa an zubar, kafin ta ciwu. Mu sussuke ƙarangiya don 'yan ƙwayoyin cikinta, hannu duk ƙaya. Dusar da a da akuya ke yi wa yanga, ita muke tuƙawa muna godiya. In rana ta take tsaka gari ya yi tsit, yara ma sun daina kuka, don kuka ma ƙarfi yake so.

Ana cikin haka ciwo ya faɗa wa shanu. Fulani sun kwararo da garkunansu fadamar Dundaye saboda ɗan ruwan da ya rage, nan ciwon ya same su. Yau saniya ta tsaya tana zubar da yawu, ido yana ruwa, gobe ta durƙusa, jibi ta mimmiƙe. Waɗanda aka riski yankawa an ci, amma mutuwar ta fi wuƙa sauri. Da idona na ga Bafulatani babba da gemu zaune a kan yashi, ya rungume wuyan bijiminsa yana kuka.

Faɗuwar wani tashin wani. Malamai sun ce jima tana tsarkake fatar mushe, masu shanun kuma ba su da zuciyar tsayawa ciniki a kan gawa. Majema suka sauka gulbi da wuƙaƙensu. Don kada a yi faɗa a kan fata, kowa yana da shaidarsa: in ka riga kowa isa ga saniyar da ta faɗi, sai ka tsaga mata ƙaho, ta zama taka. Wani layuka yake zanawa, wani gicciye. Shaidar gidanmu ƙafar kaza ce. Kuma ba don mijina ba ne, a unguwar kaf ba mai hannunsa wurin fiɗa. Kafin wani ya juya saniya shi ya naɗe ƙirginsa, wato ɗanyar fatar, ya yi gaba. Ni ina gida ina dakan bagaruwa, ina jiƙa toka, ina shanya ƙiraga har a bisa darni. Fatake suka riƙa karɓar fata suna ba da hatsi. Ranar da na sake jin ƙamshin tuwon gero a gidanmu sai da na yi hawaye a bakin murhu.

Mushen kuwa, inda aka feɗe shi nan ake barinsa. Haka muka tashi muka gani. Gashin fata, ruɓaɓɓen ruwan toka, tsokar da aka kankare, duk gulbi ake kai wa, damina ta zo ta share. A wurinmu gulbi bara ne mai kwashe shara, wa ke tambayar bara inda yake zubarwa? Yashi ya cika da jajayen gawarwaki tun daga mashayarmu har iya ganin ido. Ungulaye suka ƙoshi har ba sa iya tashi. Wari ya shiga tufafinmu da ruwan shanmu, ya shiga har cikin masallaci.

"Hassi," in ji Nomau wata rana ya dawo jini har gwiwar hannu, "bana kura ta hi ki ƙiba."

Na ce, "Kai dai tahi ka yi wanka, ko angulu ta bar bin ka har gida."

Ruwan farko ya zo da la'asar. Iska ta fara kwashe jinkar maƙwabtanmu, cida ta yi ta gurnani, sannan sama ta buɗe baki. Yara suka fita tsirara suna tsalle cikin taɓo. Da gari ya waye muka ruga bakin gulbi, muka tarar ya cika da jan ruwa yana gudu, ga mushen nan a bisa, sun kumbura, ƙahoni suna juyawa, suna bin juna zuwa yamma. Muka tsaya a gaɓa muna guɗa. Sarkin Jima, tsohon da ke shugabantar majema, ya shafa gemu ya ce, "Kun gani? Gulbi ba shi ƙin aike." Kowa ya fita shuka, maza a gaba da sungumi, mu a baya muna zuba iri muna rufewa da diddige. Daga nan ruwan ya sake ɗaukewa. Shuka ta fito ta tsaya tana jira, gulbi ya ja baya.

Yamma da mu, in ka bi gulbin nan ka wuce garuruwanmu na iyaka, ƙasar Kabawa ce, waɗanda ba sa bin Sarkin Musulmi. Tun ina yarinya yau yaƙi gobe sulhu. A shekarar ana zaman lafiya, irin wadda kowa ke kwana da takobinsa a kusa, masuntansu suna hawowa da busasshen kifi kasuwarmu. Shi ya sa ranar da jirage suka ɓullo da hantsi ba wanda ya gudu. Maza suna cikin ruwa iya gwiwa suna wanke ƙiraga, mu muna ɗiba a gefe. Har na fara tunanin ko zan sami kan kifi na miya.

Ba su yi sallama ba. Abin da ya fara ba ni tsoro ke nan. Wani dogo baƙi a goshin jirgin farko ya ɗaga wani abu ya wurgo, ya faɗi a gaban Nomau. Ƙahon bijimi ne, da guntun ƙoƙon kai yana tsutsa.

"Wa ad da wagga shaida?" in ji dogon.

Nomau ya ɗauka ya juya. "Tamu ta. In ƙaho kuka so, ku zaka da kihi mu yi musaya."

Bai rufe baki ba zago ya shige masa ƙirji. Zago shi ne mashin da suke kashe kada da dorina, mai ƙugiya da igiya a gindi. Suka ja igiyar, Nomau ya tafi rub da ciki cikin ruwa yana shure-shure, ƙahon yana hannunsa. Maigidana ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ya faɗa wa jirgin da wuƙar fiɗa, ya buɗe hannun wani tun daga kafaɗa har ƙashi ya bayyana. Wuri ya ruɗe. Majema da wuƙaƙe, su da masu da sandunan tuƙi. Wani tsohon majemi da ya zame, suka danne shi da sanda a ƙarƙashin ruwa har kumfa ta daina fitowa. Wani Bakabe ya faɗo daga jirgi, mutanenmu suka rufe shi da sara, bai sake tashi ba. Mata suna ihu suna tattake juna a hawan gaɓa. Ni ban gudu ba. Na ga sun jefa wa maigidana taru sun naɗe shi, suna dukan kansa har ya yi laushi. Na ɗaga tuluna da ruwansa na rotsa a bayan wanda ke jansa, ya juyo ya hankaɗe ni na faɗa cikin taɓo. Ruwan mashaya ya koma ja har bakin yashi.

Suka loda maigidana da wasu majema a jirage, suka yanke igiyar Nomau. Suna juyawa dogon nan ya ɗaga murya: "Ɗiyanmu sun sha abin da kunka aiko muna. Yanzu naku su zaka su sha!"

Sai da aka tsaga ƙirjin Nomau kafin ƙarfen ya fita. Kafin a gama yi masa sutura labari ya gama gari, samari suka nufi kasuwa. Kabawa masu kifin da ke can, tun kafin ruwa suka zo, ba su san hawa ba balle sauka. Aka kifar da kwandunansu aka cinna wuta, aka bi su da duwatsu har bayan ganuwa. Wani dattijo da ya saba yi mini gyara, da taɓarya aka fasa masa kai. Na gan shi kwance ƙudaje suna binsa. Ban ji daɗi ba, ban kuma ji tausayi ba a ranar, don zuciyata tana cikin jirgin da ya yi yamma.

Manya ba sa son yaƙi. Shuka tana ƙasa, rumbuna wayam, dawaki sun rame. Sai alƙali ya tashi wani malami mai sanyin magana, Malam Modi, ya haɗa shi da Sarkin Jima da 'yan rakiya, su je su ji abin da ya faru su karɓo mutane. Na ɗaura ɗamara na ce da ni za a je. Uwar mijina ta ce ina aka taɓa ganin mace a wurin sulhu. Na ce, "Inna, ba sulhu za ni ba, ɗanki za ni ɗaukowa." Na ajiye mata yarinya na bi bayan jakuna.

Mun yi kwanaki muna bin gaɓa. Wari ne ya tarye mu tun ba mu hango jinkar ɗaki ba. Ashe masuntan nan duk ƙarshen rani sukan kafa shinge na itace da kara su tare gulbi, don kifin sabon ruwa. Duk abin da muka yi wa guɗa nan ya zo ya maƙale, ruwa ya janye ya bar shi. Gulbin ya zama baƙi, mai kauri, kifi ya taso fari fat a bisa. Garin ba rijiya ko ɗaya, mai gulbi a ƙofar ɗaki me zai yi da rijiya? Can cikin ruɓar na hango mutanenmu, ruwa iya ƙirji, suna ɗaura igiya a haƙarƙarin shanu ana ja zuwa tudu. Tun da aka kawo su, ruwan da suke tsaye a ciki shi ake ba su su sha.

Aka zauna a gindin wata giyayya. Sarkin Ruwansu, wani tsoho mai ido ɗaya, ya sa an tara ƙahoni tsibi guda a tsakiya. Ya ce amai da gudawa sun shiga garin tun ranar da ruwan ya tsaya, yaro ya kwanta da safe, kafin la'asar an rufe shi. Sarkin Jima kuwa, maimakon ya yi ta'aziyya, sai ya gyara zama ya faɗi abin da ke cikin kowane majemi.

"Mu hwa gulbi munka ba, ba ku munka ba ba. Tun kakanninmu haka aka yi."

Kafin ya haɗiye yawu dogon nan ya ɗora masa bakin zago a maƙogwaro. Mutanenmu suka zare wuƙaƙe, nasu suka miƙe. Na ce shi ke nan, a nan za a gama da mu duka. Malam Modi ya tashi ya kama kaifin ƙarfen da tafin hannunsa, jini yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga.

"Ɗan'uwa, dakata," ya ce. "Dattijon ga ya yi magana irin ta wanda bai taɓa bin gulbi ba. Yau ya biyo shi. Jini ya zuba nan, ya zuba can. In munka ce a auna, ba mudun da ka auna shi."

Har rana ta karkata ana ja-in-ja. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa jinin da ya zuba ya bi ruwa, ba mai neman fansa. Mushe ba zai ƙara kwana a cikin gulbi ba, tudu za a kai shi a binne. Kwatarnin jima za su bar gaɓa. Kuma duk bazara kafin ruwan farko, mutum ɗaya daga Kabi zai hawo ya taka yashin gulbi da ƙafarsa ya duba. Har yau majema suna can bisa tudu, samarinsu suna ƙorafin nisan ɗaukar ruwa, kuma ko a shekarun da aka koma yaƙi ban taɓa jin an taɓa Bakaben da ke zuwa duban nan ba.

Aka fito da mutanenmu, sun yi zuru-zuru. Na ruga wurin maigidana, sai Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu. Ya sa ƙafa ya baje tsibin ƙahonin. Ƙafar kaza, ƙafar kaza, ƙafar kaza, duk inda ido ya sauka.

"Kowa shi tahi," ya ce, "ban da mai wagga shaida. Shi ya hi kowa aiko muna, shi ka ƙarasa kwashewa."

Na buɗe baki na zazzaga masa abin da ba a faɗa wa tsoho. Na ce yunwa ce ta sa, na ce an kashe masa ƙane a gabansa, me kuma ake nema? Maigidana ya kama gefen zanena. Leɓɓansa sun tsattsage, muryarsa da ƙyar take fita.

"Hassi, yi kurum. Aikina na. Na gane su ɗaya bayan ɗaya."

Sauran suka juya gida, da alkawarin za a turo masu taimako. Ni na zauna. Aka sauke ni a ɗakin wata mata Kulu, ashe matar dogon nan ce, kuma gulbin bai bar mata ɗa ko ɗaya ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, tana ajiye mini abinci, amma ko kallona ba ta yi. Kullum da sassafe in tafi can sama da shinge in tona yashi in kawo wa maigidana ruwa mai kyau, don yanzu an yarda ya sha. Sannan in kama igiya tare da mazan garin. Shi yana cikin ruɓa yana ɗaurawa, mu muna ja, ƙashi yana saɓulewa daga nama, tsutsa tana hawa mana ƙafa. Masu taimakon da aka ce za a turo, noma ya riƙe su. Ina kallonsa yana ƙarewa a gabana, ina roƙonsa ya huta, yana cewa saura kaɗan.

Ranar da aka ja na ƙarshe, da rarrafe ya fito daga ruwa. A ranar amai ya fara. Na yi jiƙo, na yi addu'a, na yi faɗa da shi a kan kada ya kuskura ya bar ni a garin mutane. Washegari hadari ya haɗu baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwan da ake jira, gulbi ya taso ya karya shingen ya wuce. Yana kwance kansa a cinyata, ya ce in ɗaga asabari ya gani. Ya daɗe yana kallon ruwan. Kafin azahar maigidana ya cika.

Mazan garin ne suka yi masa wanka, dogon nan yana cikin masu ɗaukar makara. Ni ina ɗaki, na juya fuska ga bango, ina jin ƙiyayyar garin da duk wanda ke cikinsa. Da gari ya waye ruwa ya tsagaita, Kulu ta zo ta tsaya a kaina. Ranar ce ta fara kiran sunana.

"Hassi, taso ki ga inda anka aje shi."

Ta kai ni bayan gari, wajen da ban taɓa zuwa ba. Sababbin kaburbura ne a jere kamar kunyoyin gero, ruwa ya lafe ƙasarsu, sahu bayan sahu har bakin gona. Da yawansu ba su kai tsawon taɓarya ba. Ta nuna mini na 'ya'yanta da haɓa. Ni ban tambaye ta wanne ne nawa ba. Shi kaɗai ne dogo a wurin.